Maganin da Bai Nuna Ba

Sabon Gari, Zariya
Litinin, 3 ga Maris

Zuwa ga 'yata Hephzibah,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya, da aiki, da zafin nan da ya sauko tun ba a shirya masa ba. Mu nan sai godiya. Wannan takarda na ba maƙwabciyarmu Madam Oluwatoyin ta kawo miki, tun da ofishinta da ɗakin gwajinku a bene ɗaya suke. Kada ki ce in turo saƙo ta waya. Yatsun da suka yi shekara talatin da biyu suna ɗaure kusoshin jirgin ƙasa ba su iya wannan latse-latsen ba, kuma tun da kunnena ya mutu, takarda ce bakin da nake ji.

Ga dalilin rubutuna. Ranar Alhamis da kika tsaya gaban malamanki kina bayani, ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na karanta duk abin da aka haska a bango. Na kuma ga abin da kika nuna mini bayan an tashi. Baƙin ruwa a 'yar kwalba, kika kawo mayen ƙarfe kusa, ruwan ya taso ya bi shi. Kika sa kwalbar cikin naɗin jan ƙarfe kika kunna, kafin minti goma ta yi ɗumi a hannuna, alhali wayar ba ta taɓa ta ba. Kika rubuta mini cewa ƙurar ƙarfe ce mai laushi ƙwarai, in ta shiga inda ciwon daji yake aka kunna mata, zafin yakan kashe ciwon ya bar nama mai lafiya. Na fahimta sarai. Ƙarfe ne da zafi, aikina ke nan tun ba a haife ki ba.

Jiya a sujada na tashi na ba da shaida. Na ce Allah ya ba 'yata maganin ciwon daji ba tare da wuƙa ba. Na ga hannuwa suna tafi har baya. Mamanki dai sai jan rigata take yi wai in zauna, kin san ta da kunya.

Roƙona shi ne ki ba Madam Oluwatoyin kwalba ɗaya, ba sai babba ba. Ki rubuta yadda ake amfani da shi, sha ne ko shafawa, sau nawa a rana, kafin abinci ko bayan abinci. Akwai mai bukata.

Ubangiji ya tsare ki.

Ni ne mahaifinki,
Mordecai Auta

Samaru
Laraba, 5 ga Maris

Baba,

Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Mama. Na samu wasiƙarka, amma shaidar taka ta riga ta isowa.

Ranar Litinin da safe mata uku daga zumuntar matan cocinku suka zo sashenmu suna neman “Likita Hephzibah”. Jiya kuma wani Malam Gregory daga Palladan ya zo da hotunan ƙirjin ƙanensa a leda, ya jira ni a bakin matakala tun ƙarfe tara har sha biyu. Na zaunar da shi na gaya masa ba ni da magani. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Sai ya riƙa mayar da hotunan cikin leda ɗaya bayan ɗaya, ya ce, “To 'yata, ko kaɗan ne a gwada a kansa, mu mun yarda.” Baba, jiya ban iya cin abinci ba. Da yamma malamin da ke duba aikina ya kira ni ofis, ya tambaye ni ko na buɗe asibiti ne bai sani ba. Saura wata biyu in tsaya gaban masu jarrabawa, wannan ne mutumin da zai sa mini hannu.

Bari in sake faɗa a hankali. Abin da ke kwalbar nan ba magani ba ne tukuna. Dangin tsatsa ne, ƙwayoyi ƙanana da sai an jera dubbai kafin su kai kaurin gashi ɗaya. Ni sinadarai na karanta, ba likitanci ba. Shekara huɗun da na yi, duk a kan yadda za a lulluɓe su da ƙaro ne don kada su dunƙule. Ciwon dajin da ka ga hotonsa a bango ba a jikin kowa yake ba, ƙwayoyinsa ne a faranti ƙarami kamar murfin gwangwanin madara. Ko a kan ɓera ban gwada ba. Ban san me za su yi wa hanta ko ƙoda ba. Zafin da ake nema bai wuce digiri arba'in da biyu zuwa da biyar ba, in ya haura ya ƙone nama mai lafiya, in ya gaza an yi aikin banza. Naɗin wayar da ka gani kuwa, babban yatsanka kaɗai zai shiga ciki.

Akwai ƙasashen da aka gwada irinsa a kan mutane, amma a manyan asibitoci, da allura ake sa shi cikin ciwon, kuma tare da sauran magani. Ba a sha, ba a shafawa.

Don Allah ranar Lahadi ka tashi a inda ka tashi ka gyara maganar nan. Ba zan aiko da kwalba ba. Kuma wane ne mai bukatar? Ko wane ne, asibitin Shika za a kai shi, ba wurina ba.

Ka huta lafiya.

'Yarka,
Hephzibah

Sabon Gari
Juma'a, 7 ga Maris

'Yata Hephzibah,

Salama a gare ki. Na karanta wasiƙarki sau biyu, na biyun da tabarau mai kyau, ko zan ga inda kika ce na gode Baba da ka yi alfahari da ni. Ban gani ba.

Kin ce naɗin wayarku ƙarami ne. Wannan ai ba matsala ba ce, matsalar masu biro ce da ba su taɓa riƙe sifana ba. Na je wurin Chuks mai gyaran lasifika a bayan kasuwa, na zana masa abin da na gani. Ya ce zai iya naɗa mana waya da za ta kai faɗin bokiti. Ya kuma ara mini mayen ƙarfe na babbar lasifika, sai da hannu biyu ake ɗaga shi. Na goge ƙusa inci shida da zarto na tara ƙurar a gwangwani, amma na ga ta yi kauri, a nan na yarda taki ta fi. Kin ce ba ki gwada a kan ɓera ba. Ɓeraye nawa kike so? Shagon hatsin mamanki cike yake da su.

Kin tambayi mai bukata. An hana ni faɗa, amma tun da kin ɗauke ni mai surutun banza, to ki sani. Mamanki ce.

Bayan Kirsimeti ta ji ƙullutu a nonon hagu. Muka je Shika, aka ɗebi ɗan nama da allura. Ranar 28 ga Janairu muka koma, likita ya ce daji ne. Amma ya ce mai tafiyar hawainiya ne, ana iya jira har shekara biyu kafin a yi maganar yanka. Da idona na ga ya ɗaga yatsu biyu. Ita ta sa na yi alkawari ba zan gaya miki ba sai kin gama jarrabawarki, na kuwa riƙe alkawarin wata guda da kwanaki, abin da ban taɓa yi ba.

Sai ga shi waccan Alhamis ɗin kwalba ta yi ɗumi a hannuna. A nan na gane abin da ya sa Ubangiji ya ba mu shekara biyu. Ke kina ganin tsatsa a faranti, ni ina ganin hannun Allah. Shekara arba'in da ɗaya muna tare da matar nan. Ba zan tsaya a yanke ta ba alhali magani yana cikin aljihun teburin 'yar da ta haifa. In bai nuna ba, ki ƙara masa wuta. Shekara biyu ta isa a ƙera kan jirgi sabo.

Maganar tashi a coci kuwa, ban ga abin gyara ba.

Alheri ya tabbata a gare ki.

Mahaifinki,
Mordecai Auta

Samaru
Litinin, 10 ga Maris

Baba,

Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da yadda na fita ranar Asabar ba sallama. Da na tsaya, da na faɗi abin da bai kamata 'ya ta faɗa ba.

Ka ga dai yadda aka yi. Mama ta zuba mini tuwo, ta ce “babanki da baki”, ta ɗauki littafin waƙa ta tafi koyon waƙa tun ƙarfe uku, abin da sai biyar ake farawa. Gwangwanin ƙurar ƙusarka ni na zubar a kwata, kada ka zargi kowa. Mayen ƙarfen Chuks kuma ko shekara ya yi a kan ƙirjin mutum ba zai ɗumama komai ba. Namu jujjuyawa yake yi sau dubu ɗari da wani abu kafin ka ƙifta ido. Don girman Allah kada a naɗa wa Mama waya mai faɗin bokiti a jona da wutar gida.

Amma ba wannan ya sa na rubuto ba. Da ta fita, na shiga ɗakinta na bincika, na san ban kyauta ba. A ƙasan kwallar da take ajiye zannuwa na samu katin asibiti da takardar sakamako. Na yi kwafi, ga shi na haɗa maka. Ka duba layin da na ja wa jan biro. An rubuta mata ranar aiki, 11 ga Fabrairu. Babu inda aka ce shekara biyu. Daga 28 ga Janairu zuwa 11 ga Fabrairu, ka ƙirga da kanka ka ga biyun mene ne.

Yau da safe na je Shika. Likitan ya ƙi yi mini bayanin ciwonta ba ta nan, kuma ya yi daidai. Abin da ya ce kawai, “Mun nemi lambar da ta bari ba ta shiga. Ku kawo ta, kada ya wuce makon nan ko na gaba.”

Wata guda ke nan da ranar ta wuce. Kana can kana goge ƙusa, ni ina auna ƙaro, abin nan yana girma a jikinta. Baba, ka gafarce ni da wannan tambayar, amma dole in yi. A ranar nan, wa ya gaya maka abin da likita ya ce?

Ina jiran amsarka gobe.

'Yarka,
Hephzibah

Sabon Gari
Laraba, 12 ga Maris

Hephzibah,

Gaisuwa. Ban amsa jiya ba, ki yi haƙuri.

Na ƙirga. Mako biyu ne.

Likitan yana sanye da takunkumi ranar, don haka ban ga leɓensa ba. Ya yi magana mai tsawo, mamanki tana gyaɗa kai. Da muka fito, a inuwar bishiyar da ake jiran keke, na ce mata me ya ce. Ta ciro littafin da take rubuta mini magana, ta rubuta shekara biyu. Na ce mun gode Allah, har na saya mata lemo.

Shekara goma sha tara ke nan ita ce kunnena. Wa'azin fasto ita ke taƙaita mini. In an ƙwanƙwasa ƙofa ita ke taɓa ni. Ranar da aka kira aka ce yayana ya rasu, ita ta rubuta mini. Ban taɓa tambayar kowa ko abin da ta rubuta haka yake ba. Tun shekaranjiya nake zaune ina tunani, me kuma aka juya mini a shekarun nan ina cewa amin?

Na ajiye kwafin a gabanta tana tsintar wake. Ta duba, ta ci gaba da tsinta. Na yi magana, ban san ƙarfin muryata ba, amma na ga Madam Oluwatoyin ta leƙo ta taga ta koma. Da na gama, mamanki ta goge hannu a zani ta rubuta kalma biyu: jikina ne. Ta tura mini littafin ta ɗauki tirenta ta shige.

Kwana biyu ban ci abincinta ba, a shagon mai shayi nake karyawa. Ita kuma ba ta fasa zubawa ta rufe ta ajiye ba. Na mayar wa Chuks mayen ƙarfensa, ya tambaye ni maganar wayar, na ce ya bari.

Ke ki yi mata magana. Ni in na buɗe baki duk layin nan ke ji, ita kaɗai ce ba ta ji.

Mahaifinki,
Mordecai

Sabon Gari
Asabar

Hephzibah,

Ina gaishe ki, ya aiki. Na ga kiranki sau goma sha ɗaya. Ban ɗauka ba don na san abin da za ki ce, kuma a waya ba kya barin mutum ya kai aya. Tun da gidan nan ya koma gidan waya, ga tawa takardar.

Da farko, ban haife ki don ki buɗe mini kwalla ba. Zannuwan ma ba ki mayar yadda kika same su ba.

Ee, na yi wa babanki ƙarya. Ita ce ta farko, in ban da ranar da wani dattijon ikilisiya ya ce da shi tsohon kurma mai taurin kai, na rubuta masa wai yana gaishe shi. Ki gaya masa haka, ya daina zama kamar an yi masa mutuwa.

Ke kina 'yar shekara shida aka yi wa yayata Scholastica wannan aikin. Ke kin san ta a hoto, ni na yi jinyarta wata biyar. Ni nake wanke wurin safe da yamma. Ni na ga yadda mijinta yake tsayawa a bakin ƙofa ya ce ya jiki, bai taɓa shigowa ba. An yanke, ta sha wahalar yankan, kuma ta tafi. Da likitan nan ya ce mako biyu, ba shi nake gani ba, ita nake gani a kan tabarma. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sannan in na kwanta, wa zai ji wa babanki? Mutumin da yake tsallaka titin kasuwa kamar tsakar gidansu, keke na ta yi masa oda a baya. Makon jiya ya bar butar shayi a wuta har ta ƙone, yana zaune kusa da ita yana karanta jarida.

Maganar baƙin ruwanki kuwa, kada ki ɗauka ban da hankali. Na san bai nuna ba. Shekara talatin ina sayar da hatsi, na san bambancin abin da ke gona da abin da ke buhu. Amma da babanki ya dawo yana murna, ya daina tambayata yaushe za mu koma Shika, sai na ga na samu inda zan fake. Na fake.

Abin da ya fi ɓata mini rai, ku biyu kuna ta aika wa juna takarda a kaina, shi yana maganar waya da bokiti, ke kina maganar digiri da jan biro, kamar injin niƙa ne ya lalace. A cikinku babu wanda ya zauna ya ce Elizabeth, tsoro kike ji? To tsoro nake ji.

Ki kula da karatunki. Ki riƙa cin abinci, na ga wuyanki waccan Asabar da kika zo.

Mamanki

Samaru
Litinin, 17 ga Maris

Mama,

Ina gaishe ki, ya ƙarfin jiki. Kin yi gaskiya, ban tambaye ki ba. Ki yafe mini wannan, da maganar kwalla.

Amma ke da bakinki kika taɓa gaya mini cewa Inna Scholastica ta yi shekara ɗaya da rabi tana ɓoye nata, tana shafe-shafe, sai da ya fashe aka kai ta. Ba wuƙa ce ta kashe ta ba, Mama, jira ne. Ke naki wata uku ne. Abin da ya hana ni zama ke nan.

Kina tsammani ba na so ruwan nan ya zama magani? Tun ranar da Baba ya gaya mini, in na shiga ɗakin gwaji na ga kwalaben nan a jere sai in ji kamar in watsar da su ta taga. Shekara huɗu ina fama, ga ki da ciwon da nake karantawa, kuma ba ni da abin da zan ba ki. Wataƙila nan da shekara goma sha biyar ya yi wa wata amfani. Ke naki maganin yana Shika, kuma yana aiki, mata da yawa sun tashi.

Baba kuwa ni zan ji masa. Zan dawo gida in riƙa zuwa Samaru daga nan har ki warke. Ko da yake ban san yadda za mu ƙare ba. An gaya mini jiya ya tashi a coci wai zai gyara shaidarsa, ya ce maganin bai gama nuna ba, a saurara sai baɗi. Yau da safe mutum biyu sun zo a rubuta sunansu a layi.

Na karɓo miki ranar ganin likita, Juma'a 21 ga wata, ƙarfe tara. Ba zan zo in ja ki ba, kuma na daina kira. Zan zauna a bakin ƙofar asibitin daga ƙarfe takwas. In kin zo, tare za mu shiga, duk abin da kike tsoro ki tambaye shi a gabana.

Ubangiji ya riƙe ki.

'Yarki,
Hephzibah

Sabon Gari
Alhamis

Hephzibah,

Ina gaisuwa. Na karanta, na ajiye, ban yi niyyar amsawa ba.

Shekaranjiya da yamma Madam Oluwatoyin ta dawo daga aiki ta shigo ba ta ko ajiye jaka ba. Ta ce, “Mama, ni ba na karanta takardun da nake ɗauka, amma Baba ya karanta wa duk layin nan.” Ta rufe ƙofa ta sa sakata. Na ce lafiya? Sai ta cire rigarta.

Ɓangaren dama babu. Tabo ne kawai, ya kwanta ya yi fari. Shekara shida ke nan, tun kafin su tare a gidan nan. Matar da nake gani kullum tana ɗaukar jarka biyu daga famfo, tana faɗa da masu keke a kan canji. Ta kama hannuna ta ɗora a wurin ta ce in taɓa, ba ya cizo. Na tambaye ta mijinta fa. Ta ce shi yake wanke mata, har ya fi nas iyayi. Mun daɗe a zaune. Tuwona ya kama.

Zan zo gobe. Ba don jan bironki ba.

Amma ki ji. Babanki zai shiga tare da mu, kuma ke za ki rubuta masa duk abin da likita ya ce, ni na ajiye wannan aikin na ɗan lokaci. Jarrabawarki ba za a ɗaga ba. Kuma ba na son zumunta su cika mini ɗaki da waƙa kamar an riga an gama, mutum biyu sun isa.

Babanki ya ci tuwon shekaranjiya, wanda ya kama ɗin. 

Sai goben.

Mamanki

Shika
Alhamis, 3 ga Afrilu

'Yata Hephzibah,

Salama. Tun da mamanki ta kore ki jiya wai ki koma kan aikinki, ga rahoto.

Ta tashi zaune, ta sha kunu rabin kofi, ta ce ba a sa tsamiya yadda ya kamata ba. Likita ya rubuta mini cewa aikin ranar Talata ya tafi daidai. Sakamakon abin da aka cire sai nan da mako uku, daga nan za su faɗi sauran maganin da za a yi. Ban tambaye shi fiye da haka ba.

Da safe aka zo wanke wurin. Ta juya fuska bango. Nas ta nuna mini ƙofa, na ƙi fita, na riƙe mata kwanon. Bayan an rufe, mamanki ta jawo littafi da hannun dama ta rubuta, yaya yake? Na ce ɗinki ne layi ɗaya, bai karkace ba, kuma na kalla har ƙarshe. Nas ta ce in rage murya.

Ta ce ki zo mata da man shafawa da ɗankwali mai ruwan toka ranar Asabar, kuma kada ki zo da fuskar nan da kika yi ranar Talata.

Ni ne mahaifinki,
Mordecai Auta